BARCIN YARON DA A KE YI WA MAGANIN SANKARAR JINI

  

Yau maganarmu a kan barci ta ke, barcin yaron da a ke yi wa maganin sankarar jini. Wani zai ce, "Ina ruwanmu, ai ba mu da irinsa a gida." Gaskiya ne cutar nan ba ta da yawa kamar zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda. Amma gidan da ta shiga, dangi da maƙwabta su ne masu ba da shawara, kuma shawarar da aka ba uwa da tsakar dare, ta gaji, ɗanta yana kuka, ita ce ta fi saurin ɗauka. Saboda haka kowa ya kasa kunne.

MECE CE SANKARAR JINI?

A cikin ɓargon ƙashi a ke yin jini. Can a ke yin jajayen ƙwayoyi masu ba jiki ƙarfi, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗansu ƙanana masu tsai da jini in an yanke. In sankara ta kama ɓargo, sai ya dinga zubo fararen ƙwayoyi ɗanyu marasa amfani, su cika wurin kamar yadda ƙuduji ke cinye gonar gero. Sai yaro ya ɗashe, ya riƙa zazzaɓi, ƙasusuwa su yi ta ciwo, dasashi ko hanci ya riƙa zub da jini. Likitoci suna kiranta lukimiya. Cikin yara, ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. Dabam ta ke da sikila, ba a kuwa ɗaukarta wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

Dā duk yaron da ta kama ba ya tashi. A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya nuna akwai maganin da ke iya kwantar da ita na ɗan lokaci. Daga 1962 likitocin asibitin St. Jude a birnin Memfis suka dukufa kan haɗa magunguna iri iri a ba yaro shekaru a jere, har aka fara samun masu warkewa sarai. Yanzu a ƙasashe masu wadata, cikin yara 10 masu irin da ya fi yawa, wajen 9 suna warkewa. A ƙasashe irin namu abin bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yawancin ƙasashe matalauta waɗanda ke warkewa daga sankarar yara ba su kai 30 cikin 100 ba, shi ya sa a 2018 ta ɗaura niyyar a kai 60 cikin 100 kafin 2030. Cikin manyan dalilan da ke ja mana baya akwai makara wajen zuwa asibiti, da kuma barin magani a tsakiya.

To, ga inda barci ya shigo. Maganin nan ba na mako ɗaya ba ne. Ya kan ɗauki shekara 2, wani lokaci har kusan 3. Mutumin Kurawa sai ya kai ɗansa Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗansu kuma Shika ta Zariya ko asibitin Malam Aminu Kano. Bayan 'yan makonni a sallamo su da ƙwayoyi, a ce su riƙa komowa. Sun dawo gida ke nan sai yaro ya daina barci. Ya kwana yana kuka, yana faɗa, yana neman tuwo da ƙarfe biyun dare. Sai wata tsohuwa ta ce, "Maganin asibitin nan ya fi ƙarfinsa, ku bar shi ya huta." Wani ya ce iska ce ta shafe shi. In aka bi maganarsu aka ajiye ƙwaya, cutar da aka kusa kashewa sai ta farfaɗo, ta biyun kuwa ta fi ta fari wuyar magani.

ABIN DA KE HANA SHI BARCI

Babban mai laifi shi ne ƙwayar da a ke kira sitiroyid. Iri biyu a ke ba yaran nan, firednisolon ko deksametason. Magani ne mai ƙarfi ƙwarai wajen kashe ƙwayoyin sankara, ba a iya yin aikin ba tare da shi ba. Amma ku ji yadda ya ke ɓata barci. A bisa ko wace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai yin wani sinadari da ke tashe jiki. Da asuba ya kan yi yawa cikin jini, shi ya sa mu ke tashi da kuzari. Da dare kuwa ya kan ragu, sai jiki ya yi laushi, barci ya zo. Ƙwayar sitiroyid kamar sinadarin nan ta ke, sai dai ta fi shi ƙarfi nesa. Yaron da ya sha ta, ko an yi lisha, jikinsa yana ji kamar hantsi ne.

Ba nan ta tsaya ba. Tana sa yunwa mai tsanani, yaro ya ci ya ƙoshi, kafin a wanke kwano ya sake nema. Tana sa fushi da kuka ba dalili, har yaro mai ladabi ya ɗaga hannu ga uwarsa. Tana sa kumatu su cika, ciki ya fito. Ta kan sa ƙwannafi, ta kan sa yawan fitsari da dare. A 2007 likitocin St. Jude da na waɗansu asibitoci suka ba da labarin yara 100 da aka ɗaura wa wani abu kamar agogo a hannu mai auna barci, kwana 5 ba su shan deksametason, kwana 5 suna sha. Suka ga lalle ƙwayar tana dagula barci, tana ƙara gajiya da barcin rana. Kun ji, ba ɗanku kaɗai ba ne. Haka ta ke yi wa ɗan Bature, haka ta ke yi wa ɗan Bagobiri.

Abin da zai kwantar muku da rai shi ne wahalar tana da lokacinta. A farkon magani a kan sha ƙwayar kullum har wajen mako 4. Daga baya, a tsarin da asibitoci da yawa ke bi, kwana 5 kaɗai a ke sha a wata. Rigimar ta kan taso kwana na biyu ko na uku, in an gama kuma ta lafa cikin 'yan kwanaki, yaronku ya komo yadda kuka san shi.

Na biyu, ciwo. Allurar jijiya da a ke kira binkiristin ta kan sa ciwon muƙamuƙi, da tsami ko jin kamar tafiyar kiyashi a ƙafa, ta kan kuma ɗaure ciki. Waɗansu magungunan su kan sa gyambon baki da tashin zuciya. Yaro ƙarami ba zai iya cewa ga inda ke masa ciwo ba, kuka kawai zai yi.

Na uku, tsoro. Yaron nan an soke shi da allura ba adadi, har a gadon baya. Ya kwana makonni a ɗakin asibiti inda fitila ba ta mutuwa, ana ta da shi a auna zafin jikinsa, yana jin kukan waɗansu yara. Ba mamaki in ya riƙa firgita cikin barci. Ga kuma halin da ƙasarmu ta shiga tun wajen 2019, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sabon Birni da Isa. Yaron da ya taɓa jin harbi da dare, ko aka taɓa saɓa shi a kafaɗa aka gudu, ko lafiyarsa lau barcinsa ba ya nauyi.

Na huɗu, sabo. Saboda tausayi a kan ƙyale marar lafiya ya wuni kwance, ya yi barci har la'asar sakaliya, ya riƙe waya yana kallo har dare ya raba. Wanda ya cinye barcinsa da rana, me zai samu da dare?

ABIN DA ZA KU YI

Ku fara da lissafi. Ran da aka fara ƙwayar sitiroyid, ku yi zane a bango da gawayi, ko wace safiya zane ɗaya. In kun san yau kwana na uku ne, saura biyu, haƙuri ya fi sauƙi. Ku gaya wa mutanen gida tun da wuri cewa makon rigima ya zo, kada kowa ya doki yaron, kada kuma a yi masa dariyar kumatu.

Ku tambayi likita lokacin ba da ita. Yawanci sau biyu a ke sha a yini. In ya yarda, ku ba da ta fari da safe bayan ya karya, ta biyu kuwa da wuri, wajen azahar ko la'asar, kada a kai ta bayan magariba. A ba shi da abinci a ciki don kada ta ci masa ciki. Amma kada ku rage, kada ku tsallake, kada ku tsai da ita da kanku. Wanda ya daɗe yana shanta, 'yan ƙullutun nan na kan ƙoda sun saki aiki, in aka yanke masa ita farat ɗaya jikinsa na iya faɗuwa. Likita ne ya san yadda a ke janye ta. Sauran ƙwayoyin kuma, irin wadda a ke sha kullum da wadda a ke sha mako mako, ku riƙa ba shi a kan lokacinsu ko da ya kwana bai runtsa ba.

Ku shirya wa yunwar dare tun da rana. Ya ci tuwonsa da miya sosai da magariba. A ajiye masa ɗan kunu mai zafi a fulas, ko dafaffen ƙwai, ko dafaffen dankali, a rufe da kyau. In ya farka, a ba shi kaɗan cikin duhu ba tare da hira ba, ya kurkure baki ya koma. A rage gishiri da sukari, domin ƙwayar tana tara ruwa a jiki, tana kuma ta da sukarin jini. Ɗumame sai an tafasa shi ƙwarai. Nonon da ba a dafa madararsa ba, da furar da ta wuni a buɗe, da abincin talla, a hana shi, gama jikinsa ba shi da masu tsaro yanzu. Ruwan shansa a tafasa. Daga azahar kada ya sha shayi, ko lemon kwalba mai baƙin ruwa, kada kuma kaka ta gutsura masa goro. Duk suna kore barci.

Ku raba masa rana da dare. Da safe a ta da shi lokaci ɗaya kullum, a fito da shi tsakar gida ya ga haske, ya zauna a inuwa. In yana da ƙarfi ya yi wasa da 'yan'uwansa masu lafiya, ya ɗan taka zuwa zaure. Barcin rana ba laifi, gajiyarsa ta gaske ce, amma a yi shi bayan azahar, a tashe shi kafin la'asar.

Da dare kuma a bi hanya ɗaya kullum, kamar yadda a ke bi da jinjiri. Bayan cin tuwo a shafe masa jiki da ruwa mai ɗumi, ya yi fitsari, a yi masa addu'a, a shiga gidan sauro. A kashe waya da rediyo. Kaka ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a hankali, ta bar ta Dodo sai ya warke. A ajiye fo da 'yar tocila kusa, don kada a fita da shi waje cikin duhu. In ya yi fitsarin kwance, a canja shimfiɗa a yi shiru, aikin magani ne. Kada a zauna kansa ana zancen cutarsa, ko kuɗin da aka kashe, ko labarin harin da aka kai wani gari. Yaro ya kan rufe ido kunnensa na buɗe. In ya firgita, ku rungume shi, ku kira sunansa, ku ce, "Ga ni nan, gida ka ke." Da rana ku bar shi ya faɗi abin da ya ke tsoro. Kada ku ce masa ba za a yi allura ba alhali za a yi, gama in ya gane an ruɗe shi ba zai ƙara sakin jiki ba.

Da bazara, in ɗaki ya yi zafi kuna kwana a tsakar gida, ku ɗaura masa gidan sauro can. Da hunturu a rufe shi, a shafa masa mai, amma kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Da damina kuwa sauro ne abokin gaba, zazzaɓinsa ga wannan yaro ba wasa ba ne. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata wata sun zo gida, ku gaya musu halin da ya ke ciki, kada ya sha sai likitansa ya yarda, domin ba a haɗa shi da Septrin da a kan ba yaran nan.

Shekarun yaro ke nuna yawan barcin da ya ke bukata. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana son awa 10 zuwa 13 a yini da dare, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12. In kun ga an gama kwanakin ƙwaya da mako guda bai komo kusa da haka ba, ku gaya wa likita ran komawa. Ku faɗa masa ƙarfe nawa ya ke kwanciya, sau nawa ya ke farkawa, da abin da ya ke kuka da shi. Kada ku ji kunya ku ce ƙaramar magana ce. In ciwo ne akwai maganinsa, in ɗaurewar ciki ce ko ƙwannafi akwai nasu. Matambayi ba ya ɓata.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

Kada ku je kemis ku sayo masa maganin barci. Valium, da Piriton, da taramol, da maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018, duk suna iya danne numfashin yaro, suna kuma ɓoye alamar da za ta nuna muku ya shiga haɗari. Kada ku ba shi asfirin ko maganin ciwon jiki na 'yan talla, suna sa zubar jini. Ko Panadol kada ku ba shi sai kun auna zafin jikinsa, don ya kan rufe zazzaɓi.

Addu'a da tofi suna kwantar da hankalin yaro da na uwa, ku yawaita. Amma jiƙe-jiƙe da sassaƙe, hantarsa tana fama da magani mai nauyi, ba ta iya ɗaukar ƙari. Hayaƙi ya kan tsokano tari. Wanzami kuwa kada ya taɓa shi ko kaɗan, ba tsaga, ba ƙaho, ba cire beli. Ƙwayoyin da ke tsai da jininsa sun yi kaɗan, 'yar tsaga ɗaya na iya zuba har a rasa shi.

DAREN DA BA A JIRAN SAFIYA

Yaron da ya hana ku barci da kuka da neman abinci, idonsa garau, jikinsa ba zafi, wannan ana iya haƙuri da shi har gari ya waye. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ya yi shiru. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye, malamin ɗakin shan magani zai koya muku karanta shi. A hammata a ke sa shi. Ga alamun da za ku tashi tsaye a kansu:

1. Zafin jiki ya kai 38, ko yana rawar ɗari.
2. Barci mai nauyi, ana ta da shi ba ya tashi sosai, ko yana sambatu.
3. Ciwon kai mai tsanani da amai, ko jijjiga.
4. Numfashi da sauri ko da ƙyar.
5. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko baƙin kashi.
6. Ƙishirwa da fitsari ba iyaka, yana ramewa.

Ku lura, ƙwayar sitiroyid ta kan ɓoye zazzaɓi. In ya yi laushi ƙwarai, ko jikinsa ba zafi, ku ɗauka haɗari ne. Kada ku ce zazzaɓin sauro ne ku ba shi magani a gida. Yaron da fararen ƙwayoyinsa suka ragu, cuta na iya gama jininsa cikin 'yan awoyi, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ya ke bukata da gaggawa.

Na san hanyoyinmu, na san fita da dare ba abu ne mai sauƙi ba. Don haka a yi shiri tun da rana tsaka. Ku karɓi lambar wayar ɗakin yara na asibitin da ke duba shi. Katinsa da sunayen magungunansa su zauna cikin jaka ɗaya. Ku yi magana da mai mota ko mai babur tun yau, ku ware kuɗin mai. Ku auna jikinsa ko wace la'asar, in kun ga alama ku kama hanya da sauran haske. Babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, wanda ya fi kusa, ku fara isa can ku nuna katin, su yi waya Sakkwato. A watannin farko, da magani ya fi zafi, in kuna da dangi a Sakkwato gara ku zauna wurinsu kusa da asibiti.

UWA MA TANA BUKATAR BARCI

Maganata ta ƙarshe ga masu gida ce. Uwar da ta yi kwana 5 ba ta runtsa ba ita ce za ta manta ƙwaya, ita ce za ta ce ta gaji a bar maganin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A makon ƙwaya a raba dare, uba ya ɗauki farko, uwa ta ɗauki ƙarshe, ko kaka, ko abokiyar zama, ko gwaggo. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa ta rama barci da rana. Maƙwabta kuma, maimakon ku ce a bar magani, ku aiko da tuwo.

To jama'a, ku riƙe abu huɗu. Rashin barcin nan yawancinsa aikin ƙwaya ne, yana zuwa yana wucewa. Kada a tsai da magani saboda shi. Kada a sayo maganin barci. In zafi ya kai 38, ko yaro ya ƙi farkawa, a nufi asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyayensu haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.